Falalu da Giwar Bayan Katanga

Falalu mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gwaram, can kudancin Jigawa, inda gonaki ke ƙarewa duwatsu su fara. Mahaifinsa mai lambun rani ne a bakin rafi, shi ma a cikin lambun ya tashi, tsakanin albasa da tattasai da 'yan bishiyoyin gwaiba. Mutum ne dogo siriri, mai maganar sanyi, wanda in ya tsaya kallon abu sai ya manta da abin da ke hannunsa. Tun yana yaro ake yi masa faɗa a kan wannan. Ya yi aure, matarsa Rabi ta haifa masa 'ya mace, Hauwa. Da rafin ya soma ƙafewa tun albasa ba ta ƙosa ba, sai ya bar su a gida ya taho Kano neman aiki. Shekarar da soja suka miƙa mulki ke nan, garin duk hotunan 'yan takara ne a jikin bango, wasu rana ta cinye su saura haƙora da hula.

Wani ɗan garinsu direba ya samo masa aikin kula da fulawa a Nasarawa GRA, gidan Hajiya Uwa. Tsohuwar ungozoma ce da ta yi ritaya daga asibiti, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watsu Abuja da ƙasashen waje. Daga ita sai mai dafa mata abinci, Milka, Kirista 'yar ƙasar Zariya, wadda kowa ke kira Maman Nathan.

Unguwar ta daɗe tana ba Falalu mamaki. Titi ne mai inuwa, madaci da darbejiya sun haɗa kai a sama, kowane gida filinsa ya yi gona guda, amma ba ka jin kukan akuya ko daka. Sai janareta daga nesa, sai kurciya. Yana cewa in ya fito ban ruwa da safe ji yake kamar bai gama farkawa ba.

Wata rana da hantsi yana bayan gida da tiyo a hannu, ƙarƙashin wani tsohon mangwaro da rassansa suka jingina da katangar maƙwabta, sai ya ga reshe yana motsi, ga shi kuwa babu iska. Ya ɗaga kai. Wani abu toka-toka, mai kauri kamar cinyar ƙato, ya ƙetaro ta saman katanga yana shinshina. Ya naɗe wani tulin ganye, ya fizge, ya koma da shi a hankali.

Falalu ya yar da tiyon ya zuba a guje yana salati, har ya yi karo da Milka a ƙofar kicin.

"Maman Nathan, mesa! Mesa a kan mangwaro!"

Milka ta leƙa, ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"Haba Malam Falalu! Hannun giwa ne. Giwar Alhajin bayanmu ce, kullum sai ta ɗanɗana mangwaron Hajiya. Ba wanda ya gaya maka?"

Ba wanda ya gaya masa. Alhajin ɗan kwangila ne da ya yi kuɗi a zamanin soja, ya tara dawisu da jimina da barewa a bayan gidansa. Giwar tun tana ƙarama aka kawo masa ita daga ƙetaren iyaka. Da Salla akan ɗora 'ya'yan baƙi a bayanta a yi musu hoto.

Da la'asar ranar Falalu ya jingina tsani da katanga, wai zai rage rassa. Ya hau ya leƙa. Tana tsaye a tsakiyar wani fili da ba ko ciyawa ɗaya, matashiya ce ba ta gama girma ba, amma ta fi duk wani abu mai rai da ya taɓa gani. An ɗaure ƙafarta ta baya da sarƙa a jikin turken ƙarfe, ƙasa ta sule a kewayen turken saboda zagayen da take yi. Tana kaɗa kai hagu da dama, hagu da dama, ba ta fasawa. Da ta ji ƙamshin mutum sai ta tsaya. Ta juyo da ido ɗaya, ƙarami, mai dogon gashi kamar an sa masa kwalli, ta dube shi. Sannan ta yi wani gurnani can ƙasa, irin rugugin hadari in yana nesa. Falalu ya ce ba da kunne ya ji shi ba, a ƙirji ya ji shi, har tsanin ya yi rawa a ƙarƙashinsa.

Yana nan a kan tsanin aka kira magariba.

Washegari ya sami Hajiya Uwa a baranda tana shan shayi, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ranki ya daɗe, ciyawar da nake yankewa ina ƙonawa, ko a bar ni in riƙa jefa wa maƙwabciya?"

"Wace maƙwabciya?"

Ya nuna bayan gida da haɓa. Hajiya ta sauke tabarau ta dube shi.

"Jefa mata. Amma in ta cinye mini mangwaro kaf, kai zan kama."

Sunan da ya bi ta ke nan a gidan, Maƙwabciya. Kullum in ya gama ban ruwa sai ya cilla dami biyu ko uku ta saman katanga. Ba a jima ba ta gane takunsa. Da ya doso, hannun nan zai ƙetaro yana lalube, ya taɓa hularsa, ya busa masa iska mai ɗumi a wuya. Yakan tsaya ya yi mata hira: labarin rafin garinsu, da yadda Hauwa ta fara tafiya ba ya nan.

Cikin shekara guda abubuwa suka juya wa Alhajin. Ya tsaya takara bai ci ba, sabuwar gwamnati kuma ta fara tambayar wasu ayyuka da aka ba shi. Ya tafi ƙasar waje neman magani, bai dawo ba. Iyalinsa suka bi shi. Ma'aikata suka watse ɗaya bayan ɗaya, aka kwashe dawisu da barewa, aka bar wani tsohon maigadi shi kaɗai da makulli. Giwa kuwa ba mai saye, ba mai iya ɗauka.

Falalu ne ya fara lura ƙashin bayanta ya fito. Ciyawar gida ɗaya ba ta isar giwa ko karin safe. Sai ya bi masu kula da fulawa na layin gida gida yana roƙon kada su ƙona tasu. Ya ari baro. Ya yi magana da mai rake na bakin titi ya riƙa tara masa ganye da ƙarshen sanda, masu kayan marmari kuma suna ajiye masa kankanar da ta fashe da ayabar da ta yi laushi. Ya ƙetarar da tiyon Hajiya ta saman katanga zuwa wani rabin duro. Milka ta daina zubar da ɓawon doya.

Daminar ce aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Ranar, gari ya cika ya batse, mutane daga ƙauyuka a kan manyan motoci suna kabbara, ana jin amon taron har cikin Nasarawa kamar ruwa yana tahowa. Falalu ya je, ya yi kabbara har muryarsa ta dishe, ya dawo da ƙafa saboda babu mota. Ya tarar da Milka a bayan gida zaune a kan turmi, jakar bakko biyu a ɗaure kusa da ita. Tun rikicin Kaduna 'yan'uwanta ke aiko mata ta dawo gida.

"Tafiya za ki yi, Maman Nathan?"

"Ban sani ba. Na ɗaure kayan, na kasa ɗauka. A garin nan na haifi Nathan. A garin nan na binne ubansa."

Falalu ya zauna a ƙasa nesa kaɗan. Can sai ga hannun Maƙwabciya ya ƙetaro, ya lalubi inda ya saba samun hula, bai samu ba, ya sauko ya shinshina ɗaurin jakar, ya kama igiyar yana ja.

"Ke!" Milka ta miƙe ta riƙe jakarta. "Sakar mini kaya! Ɓarauniya a ranar Shari'a!"

Suka yi ta dariya su biyu. Ba ta ce ta fasa ba, amma jakunkunan sun koma ɗakinta a ranar, bayan wani lokaci kuma ya ga zannuwanta a kan igiyar shanya.

Abin da ya tayar da hankalin Falalu shi ne ƙafar. Giwa tana girma, sarƙa ba ta girma. Ta shige cikin nama, wurin ya ruɓe, ƙuda sun yi baƙi a kai. Ya gaya wa Hajiya. Ta sa ya riƙe mata tsani, da girmanta da ciwon gwiwarta ta hau ta leƙa. Da ta sauko ta wuce falo ta ɗauki waya.

Da yamma wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya ta shigo gidan. Dakta Sadiƙ ne, likitan dabbobi, ɗan gajere mai saurin magana. A hannun Hajiya aka haife shi, don haka da ya shigo sai da ya cire takalmi ya tsuguna.

"Mama, ga ni."

"Tashi ka je ka ga abin da aka yi wa baiwar Allah."

Ya daɗe a can. Da ya dawo ya ce in aka bar ta haka ba za ta ga wata damina ba. Ya ce yana da wuri. Shi da wasu abokansa sun sami wani yanki a gefen daji, can kudu bayan Tudun Wadar Dankadai, sun kewaye shi, suna kiransa Mafaka. Akwai giwaye biyu a ciki: wata tsohuwa da tarkon mafarauta ya gurgunta, da wani matashin toro da aka karɓo daga wani gidan kallon dabbobi da ya rufe. Takardun hukuma shi zai bi. Abin da ba zai iya ba shi ne sa dangin Alhaji su yarda.

Hajiya ta ce wannan a bar mata. Ta yafa mayafi, ta je wurin limamin masallacin unguwa. Liman ya ɗauki 'yan Hisba biyu, lokacin aikin sa-kai suke yi, ba ofis ba albashi, suka tafi Tudun Wada ta cikin gari, gidan ƙanin Alhajin, Falalu na biye a baya. Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce dabbar da mutum ya ɗaure, cinta da shanta da ciwonta duk suna wuyansa, za a tambaye shi, in ba ya nan a tambayi wanda ya bar wa amanar gidan. Ƙanin ya share gumi ya ce wallahi abin ya daɗe yana hana shi sukuni, a zo a ɗauke ta ko yau.

Ba a ɗauke ta a ranar ba. Aka kawo wani ƙaton akwatin ƙarfe aka ajiye a filin, ƙofarsa a buɗe. Dakta ya yi mata allura, aka yanke sarƙar, aka wanke ciwon. Ta farka ba komai a ƙafarta, amma ta ƙi wuce inda sarƙa ta saba tsayar da ita. In ta kai bakin sulallen wurin nan sai ta ja birki, ta ɗaga ƙafar baya tana jira a fizge ta. Falalu ne ya riƙa zama a cikin akwatin da sandar rake, yana yi mata magana, yau ta matso kaɗan, gobe ta koma. Har ran da ta shiga da kanta ta karɓi raken, ya fice ta ƙaramar ƙofar gaba.

Aka ɗora akwatin a tirela da sassafe. Falalu ya hau baya kusa da ita. Suka bi titin Zariya a hankali, 'yan acaɓa suka yi musu rakiya suna hon, 'yan makaranta suna ɗaga hannu. Bayan Kwanar Ɗangora gari ya ƙare, sai gero da dawa kore shar, sai duwatsu da gizagizai a kansu. Ta zuro hannu ta tsakanin ƙarafa tana shaƙar iska, ta daɗe a haka, kamar mai ƙoƙarin tuna wani suna.

Mafaka ba wani wuri ne na a zo a gani ba. Ɗakuna biyu ne na jar ƙasa, da rumfa, da rijiya, da shinge mai tsawo da ya ɓace cikin itatuwa. Rafi ya ratsa ta ciki. Masu aikin kusan duk 'yan sa-kai ne: ɗaliban jami'a da ke zuwa hutu, wani Bafulatani da ya san dajin, wata malamar asibiti da ke zuwa ƙarshen wata. Dokokin wurin kaɗan ne, Dakta da bakinsa yake gaya wa duk wanda ya zo. Ba a hawa giwa. Ba a ɗaure ta. Ba a kiranta ta zo don baƙo ya gani. Ba a ba ta abinci a hannu. Wanda ya zo kallo ya hau dakali a bakin shinge ya jira, in ta fito ya gani, in ba ta fito ba ya koma gida.

Falalu ya roƙi Hajiya ta bar masa Asabar da Lahadi biyu a wata. Ta ce ya je, Milka za ta iya riƙe tiyo. Ya zama yana hawa motar haya da jakarsa da laujensa. Yana yankan ciyawa, yana kwashe kashi a baro, yana gyaran shinge inda gara ta ci. Da ya ga yadda giwaye ke karya itace sai ya ce wa Dakta in ba a dasa ba wata rana za a wayi gari fili ne. Ya fara renon dashe a bayan gidan Hajiya cikin ledojin fiya wata da yake tsinta a titi: tsamiya, kanya, gawo, ɗinya, marke. In sun yi kamu guda ya kwashe su a kwali zuwa daji.

Sai dai Maƙwabciya ta ƙi shiga dajin. Ciwon ya warke, ta yi ƙiba, amma kullum tana bakin ƙofa tana kaɗa kai. Tsohuwar giwar takan zo ta tsaya nesa, ta yi mata gurnani, ta gaji ta tafi. Ranar da Falalu zai zo kuwa, tun motar ba ta tsaya ba take fara kai da kawo. Shi ma yakan saci jiki ya je bakin shinge da rake a cikin riga.

Wata Lahadi Dakta ya kira shi ƙarƙashin rumfa.

"Malam Falalu, magana zan yi maka, kuma na san ba za ta yi maka daɗi ba."

"Ina ji, Likita."

"Kai take jira. Muddin tana sa ran za ka zo bakin ƙofar nan, ba za ta bi 'yan'uwanta ba. Ina so ka daina zuwa inda za ta ji ƙamshinka. Ka yi aikin dashe can gefen rijiya, ko ka ɗan huta tukuna."

"Laifi na yi?"

"Ba ka yi laifi ba. Ba don kai ba da ta mutu a Nasarawa. Amma ba mu kawo ta nan don ta ci gaba da zama da mutane ba."

Falalu ya dubi ƙasa. "Ni kaɗai ta sani."

"Shi ne damuwar."

Falalu ya ɗauki jakarsa ya fita titi ya tari mota, ko sallama bai yi wa kowa ba.

Bai koma ba duk daminar. Ya je Gwaram ya ɗauko Rabi da Hauwa, Hajiya ta ba su ɗaki a bayan gida. Yana aikinsa, amma sau da yawa Milka kan tarar da shi tsaye ƙarƙashin mangwaro, ruwa ya cika kwarin fulawa yana malala, shi kuwa idonsa na saman katanga. Gidan Alhaji ya zama kango, ciyawa ta rufe turken. Da rana in ya kishingiɗa a inuwa yakan yi mafarkin unguwar ta koma daji: madaci sun fasa kwalta, rafi na gudu ta tsakiyar shataletale, giwaye na wucewa a jere ta gaban gidajen manya ba mai ce musu kanzil, masu gadi na ɗaga musu hannu. Dashen kuwa bai daina ba. Ledoji suka cika bayan gida har Rabi ta rasa wurin shanya.

Ita ce ta gaji ta yi magana.

"Baban Hauwa, itatuwan nan a ɗaki za mu dasa su? Ka kai su inda ka yi niyya mana."

"An ce kada in je."

"An ce kada ka je wurinta. Ba a ce kada ka je wurin ƙasa ba."

Da kaka ta yi ya loda kwalaye ya tafi. Dakta bai tayar da tsohuwar magana ba. Ya karɓi kwali ɗaya, suka jera su a gefen rijiya, sannan ya ce, "Zo ka hau dakali. Iska daga can take busowa, ba za ta ji ka ba."

Suka zauna har rana ta karkata. Ciyawa ta yi tsawo ta zama ruwan zinariya, balbelu na sauka suna tashi. Can sai itatuwan bakin rafi suka buɗe, tsohuwar ta fito tana ɗingishi, Maƙwabciya na biye da ita kafaɗa da kafaɗa. Da ƙyar ya gane ta. Ta yi ja jawur da ƙasar wurin, kamar tudu ne ya tashi yana tafiya. Ta shiga ruwa har ciki, ta kwanta a gefe, ta tashi, ta ɗebi laka ta watsa a baya. Kan nan da ba ya tsayawa ya tsaya.

Iska ta juya. Ya ji ta a ƙeyarsa, ya san ta kai mata. Ta ɗaga hannu sama, ta lanƙwasa bakinsa wajen dakalin, ta tsaya cik. Falalu ya ce a ransa in ta taho ba zai iya zama ba, sai ya sauka. Ta daɗe a haka. Sannan ta kaɗa kunne, ta sauke hannun, ta karyo reshen marke ta sa a baki, ta bi tsohuwar suka haye ƙetare.

Dakta ya dube shi ta gefen ido. Falalu ya cire hula ya goge fuska da ita.

"Ta yi ƙiba," ya ce.

"Ta yi."

"A ina zan fara haƙa ramukan?"

Daga nan bai sake fashi ba sai da ciwo ko rasuwa. Bai ƙara zuwa bakin ƙofa ba, ita ma ba ta ƙara ba. Wani zuwan ya hango ta, wani zuwan sai dai sawu. Dakta ya so a ce ta haihu, Allah bai nufa ba. Tsohuwar giwar ta mutu wata bazara, aka ce Maƙwabciya ta tsaya a kanta har ta fara wari, tana ɗora mata ganye, ta hana kowa matsowa.

Hajiya Uwa ta rasu ana dab da wani zaɓen. 'Ya'yanta suka sayar da gidan, wanda ya saya ya haɗa da kangon Alhaji ya gina otal. Milka ta koma wurin Nathan, wanda ya zama malamin makaranta a Sabon Gari; har yanzu takan aiko wa su Rabi cincin da Kirsimeti, su aika mata nama da Babbar Salla. Falalu ya kama haya a Hotoro, ya buɗe wurin sayar da dashe a bakin titi. Gwiwa ta fara ba shi wahala, zuwa Mafaka ya koma sau ɗaya a wata, wani lokacin ma ba ya samu.

Sai bayan an aurar da Hauwa Rabi ta ce ita ma a kai ta ta ga wannan da aka yi shekaru ana barinta dominta. Ta dafa dambu ta zuba a kula, ta ɗaura sabon zani. Suka isa da hantsi, suka hau dakali. Itatuwan da ya dasa sun fi shinge tsawo, wasu giwaye sun karya sun sake tofowa. Suka zauna. Suka ci dambu. Suka sauka suka yi azahar suka dawo. Rabi ta jingina da ginshiƙi, barci ya ɗauke ta, iska na kaɗa bakin mayafinta. Ba abin da ya fito sai wasu birai, sai ƙarar reshe da ya karye can cikin daji sau ɗaya.

Da ta farka rana ta yi sanyi.

"Ta zo?"

"Ba ta zo ba."

"To! Duk wannan tafiyar?"

"Haka wurin yake."

A hanyar komawa rumfa suka bi ta gefen shinge, sai ga tulin kashin giwa sabo fil, har yana tururi, ta cikin waya kaɗan. Falalu ya tsuguna da ƙyar, ya zura sanda ya jawo shi, ya fara tonawa da hannu. Ƙwallayen ɗinya ne a ciki birjik. Ya ce wa Rabi irin da ya bi ta cikin giwa ya fi saurin tsirowa, ya gwada ya gani. Ya cika leda, ya ƙulle, ya sa a jaka.

Rabi ta toshe hanci da mayafi ta ja da baya.

"Wallahi Baban Hauwa, ba zan zauna kusa da jakar nan a mota ba."

"Sai ki zauna gaba."

"Kai kuma ka wanke hannun nan da toka kafin ka taɓa mini kula."

Ya je rijiya ya wanke. Suka yi wa Dakta sallama, suka fito titi suka tsaya jiran motar Kano, ita a nan, shi da jakarsa can gefe.